Alhamis a Minawao, da wasiƙar Irmiya

Tun ƙarfe huɗu na asuba na kai jarkokina layin famfo. Watan Maris ne, kuma a Minawao, sansanin 'yan gudun hijirar Najeriya da ke arewacin Kamaru, idan Maris ya kama, kowace magana bayan ta ruwa take. Ban dawo gida ba sai da rana ta fito sosai. Maƙwabciyata, musulma ce 'yar Banki, ita ta tsare mini layi na ruga na dama wa yara kunu su tafi makaranta. Da na koma ta ce, "Yaya, kin ji an sake tada maganar rubuta sunan masu son komawa?" Na ce na ji. Tun 2021 da aka fara kwasar mutane a mota zuwa Banki da Bama, wannan magana ba ta kwanta ba. Takan lafa, sai kuma ta taso.

Da hantsi na je wurin da muke yin gawayi da ɓawon gyaɗa da karan dawa. Faccalata tana gefena muna murzawa, ba ta ce uffan ba har muka kusa tashi. Sai ta ce ita kam ta gama shawara, za ta sa sunanta. Rabon abinci ya ragu, 'ya'yanta sun girma, kuma tana so ko da ba ta kai ƙauyenmu ba a ce dai ƙasar Borno ta taka. Ban yi mata musu ba. Tare muka tsallako duwatsun Mandara a 2014, shekarar da Gwoza ta faɗi a watan Agusta, ƙauyukanmu na Bayan Dutse suka watse. Ita ce ta goya mini ɗana a hawan dutse lokacin da ƙafata ta kumbura. Wadda ta yi mini haka, ba zan koya mata abin da zuciyarta za ta so ba.

Da maganarta a raina na tafi zumuntar mata da la'asar.

Mama Fasto ta ce a buɗe Irmiya sura 29. Da jin haka mata da yawa suka yi murmushi, don kowa ya san aya ta 11, inda Ubangiji ya ce shirinsa dominmu na alheri ne ba na masifa ba. Muna da ita a ka, muna rera ta, muna aika wa juna ita a waya. Amma Mama ta ce yau daga farkon surar za mu fara, kuma ba tsallake.

Wasiƙa ce ashe, wadda annabi ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila. Mutanen suna zaune a baƙuwar ƙasa, kunnensu a buɗe, suna jiran wanda zai ce musu gobe za su tafi. Kuma an sami mai faɗa. A sura 28 wani annabi, Hananiya, ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu komai zai dawo, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya a gaban jama'a. A wannan shekarar ya mutu. Shi kuwa Irmiya abin da ya rubuta musu shi ne su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu, kada su ragu. Ya ce sai shekara 70 ta cika kafin a komo da su. Alkawarin aya ta 11 a bayan wannan lissafin yake zaune.

Majami'a ta yi tsit. Sai wata tsohuwa da muke kira Kaka ta ɗaga sandarta ta ce, "Mama, shekara 70? To waɗanda suka ji wasiƙar da kunnensu, su nawa ne suka koma?" Mama Fasto ba ta yi mata kwana-kwana ba. Ta ce, "Kaka, yawancinsu a can aka binne su. Jikokinsu ne suka koma." Kaka ta jinjina kai ta ce, "To ai ni ce ke nan." Ba kuka ta yi ba, ta faɗa ne kamar mai karɓar abin da aka miƙo mata. Na ga mata suna share ido da bakin zane, ni ma haka.

Wannan amsa ta fi mini wa'azi da yawa da na ji. Mun sha jin masu cewa bana ce shekarar komawarmu, a yi azumi kaza, ƙofa za ta buɗe. Bana ta wuce, baɗi ta wuce, wasu har sun daina zuwa sujada saboda sun ɗauka Allah ne ya saɓa alkawari, alhali ba shi ya sa ranar ba. A ganina bangaskiyar da aka rataya a jikin kwanan wata ba ta jure zaman sansani. Wadda na ga tana jurewa ita ce irin ta matan da suka binne mazajensu, ko ma ba su sami gawar binnewa ba, amma duk Lahadi su ne a gaba da tulu da kacau-kacau suna jan waƙa.

Shekarun farko addu'ata ɗaya ce tak: Ubangiji, ka mai da mu gida. Har yau ina yin ta, kuma ba na jin kunyarta. Sai dai yanzu ta sami 'yan'uwa. Ina roƙo saboda malaman makarantar yarana. Ina roƙo ruwa ya sauka a gonakin Zamai da Gawar, inda muke zuwa ƙodago da damina. Aya ta 7 ce ta kawo mu nan yau, wadda ta ce su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Su Babila ce ta ci su da yaƙi, duk da haka aka ce su roƙa mata alheri. Mu kuwa mutanen nan ba su yi mana komai ba sai karɓa. An buɗe sansanin a 2013, muka cika shi har muka haura dubu 70, muka sare itatuwan dajinsu don girki har wuri ya zama fili. An yi ta samun saɓani a kan itace, kuma gaskiya suna da abin faɗa. Shi ya sa da aka zo da aikin dashen itatuwa na karɓa hannu biyu. Darbejiyar da na dasa a ƙofar gida yanzu ta fi rufin ɗaki tsawo, a ƙarƙashinta yara suke karatu, zogalen bayan ɗaki kuma shi ke rufa mana asiri idan miya ta gagara.

Mun rufe da addu'a, kowa da harshen da ya zo bakinta, wasu Hausa, wasu Glavda, wasu Mafa. Mama ta sa aka yi wa masu shirin tafiya addu'a, aka yi wa masu zama, ba ta fifita kowa ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don Irmiya bai hana kowa son gida ba, kuma da lokaci ya yi ai sun koma.

Da dare faccalata ta shigo muka ci tuwon dawa da miyar kuka. Na ba ta labarin abin da Kaka ta ce. Ta yi shiru, can ta ce, "Ke za ki zauna ke nan?" Na ce yanzu kam zama zan yi, babban ɗana yana gab da jarrabawa, kuma Mama Fasto ta ɗora mini koyar da 'yan mata masu shirin baftisma. Ta ce ranar Litinin za ta je a rubuta sunanta. Na ce ta biyo mini da safe in raka ta.