Darussan da na koya daga gandun dashen 'yan firamare

Abin da ya fi kashe wannan aiki a makarantunmu shi ne a bar ofis ya zaɓi ranar dashe. Takarda za ta zo cewa 5 ga Yuni ce Ranar Muhalli ta Duniya, a fito da yara su dasa itatuwa, manya na nan tafe. To a Kano ko Katsina ko Sakkwato, farkon Yuni damina ba ta kankama ba. Ruwa zai sauka sau ɗaya, sai a yi kwana goma rana na dukan ƙasa, ɗan dashen ya yi yaushi ya sunkuya. An riga an ɗauki hoto an watse. Bayan wata guda, wanda ya yanke ranar shi ne zai dawo yana tuhumar malamin aji, wai ina itatuwan, kamar malamin ne ya hana hadari haɗuwa. Yaran kuwa abin da suka ɗauka shi ne dashen itace biki ne na yini ɗaya.

Lokacin dashe a wannan yanki Yuli ne, sa'ad da za ka tona rami ka tarar da danshi har ƙasansa, kuma kafin a tafi dogon hutu. Daga nan ake ƙirgawa baya. Tsiro na son wata uku zuwa huɗu a leda, saboda haka a zuba iri a Maris ko Afrilu, ƙarƙashin rumfar zana, don zafin bazara ba ya raga wa ɗanyen ganye.

Ledar fiya-wata ta isa, a yanke bakinta, a huda gindinta wuri huɗu ko biyar. In ba a huda ba ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. Haɗin ƙasa kuwa, kwano biyu na ƙasar gona, ɗaya na yashi, ɗaya na takin da ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi, kuma shi yara suka fi kawowa daga gida domin shi ne a kusa.

Kowane iri da halinsa. Zogale ba ya ba da wahala, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya fito, shi ya sa ya dace da 'yan aji uku masu gajen haƙuri. Irin darbejiya ba ya jure ajiya, a tsinci nunannun 'ya'ya, a wanke naman, a shuka cikin mako biyu. Gawo ɓawonsa tauri, sai an ɗan kankare gefensa ko an zuba masa ruwan zafi an bar shi ya kwana a ciki. Saiwarsa kuma doguwa ce mai nutso, tana fasa leda ta kama ƙasa, don haka a ba shi doguwar leda, a riƙa ɗaga ta ana sauya mata wuri duk mako biyu.

Saura mako biyu a dasa, a rage ban ruwa, a yaye rumfar kaɗan-kaɗan. Rami santimita 40 faɗi da zurfi. A tsaya a kan kowane yaro sai ya yage ledar, da yawa da ita suke binnewa. Shingen ƙaya ya riga dashe zuwa, awakin unguwa ba sa jiran gobe. Kowane itace a ba shi mai shi, yaron da gidansu ke kusa, saboda hutu.

Ilimin kansa yana cikin rula da littafi. Duk Juma'a a auna tsawo a rubuta. A ware leda uku da gangan, ɗaya ba huda, ɗaya yashi zalla, ɗaya a cikin kwali ba haske, yara su faɗi abin da suke zato kafin su gani.

Akwai hedimastan da zai ce a kwashe matattun a zubar kafin baƙi su iso. Kada a yarda. A tuge su a gaban aji, a kakkaɓe ƙasar, yara su duba. Saiwa baƙa mai laushi da wari, ruwa ne ya yi yawa. Wadda ta bushe tana karyewa, ƙishi ne. Wadda aka gaigaye aka liƙa mata ƙasa, gara ce, a tona wurin su gan ta da idonsu.