Yau a Tokombere

Tun bayan sallar asuba muka bar Marwa ni da Inna, muka kama hanyar Mora sannan muka ratse Tokombere, saboda ƙafar nan tata da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Layi a asibiti kam ba a magana, sai ta ce min "ɗan nan je ka sha iska, ina nan."

Ina cikin zagayawa na iske cocin Katolika na garin, duwatsu ta ko'ina, gonakin dawa hawa-hawa a jikin dutse. Wani dattijo na shara a ƙofa, na ce sannu Baba, ya amsa da Hausa tas, ya jawo min benci ƙarƙashin darbejiya. Shi ya ban labarin Baba Simon, kuma wallahi har yanzu abin na raina.

Sunansa Simon Mpeke, ɗan kudu ne can wajen Edeya, an haife shi 1906, yana cikin 'yan Kamaru takwas na farko da suka zama fada, wato limaman Katolika, a 1935. Yana da babban coci a New-Bell cikin Duwala, ga jama'a ga girma, amma a 1959 yana da shekara hamsin da 'yan kai ya bar komai ya taho wurin mutanen dutse, su Mada da Muyang da Zulgo, waɗanda mu na ƙasa muke ce wa kirdi don raini. Ba takalmi yake hawa duwatsun nan ba, dattijon ya ɗaga tafin ƙafarsa duk faso ya nuna min, ya ce haka ta Baba Simon take. Kuma bai zo yana zagin tsafinsu ba, zama yake da tsofaffinsu yana saurare, ya gane dama can sun san Allah ɗaya ne. Ya dage sai yaransu sun yi boko. Asibitin da Inna ke layi ma wani likita ɗan Suwizalan, Giuseppe Maggi, ya fara shi a wancan zamanin.

Ya rasu 13 ga Agusta 1975 a Edeya, a 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartarsa, mataki ne a hanyar ayyana mutum waliyyi a cocin Katolika.

Kalmar kirdin nan ta tsaya min, don ni ma na sha faɗinta tun ina yaro, na ji kunya sosai gaban dattijon. Na koma na tarar an wanke wa Inna ƙafa an naɗe, sun ce mu dawo bayan sati biyu, in Allah ya kai mu zan riƙo wa dattijon goro.