Dokar allura da na kafa a bargarmu, da yadda muka kaya da ita

Ni aikina kula da dawakin Baffana ne, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Akwai na hawan Sallah akwai na sukuwa, to maganata yau kan na sukuwar ce. Duk wanda ya taɓa kwana a barga daren tsere ya san abin da ake yi, ba sai na ɓoye ba, da la'asar sakaliya za ka ga an fito da baƙar leda cike da kwalabe da sirinji, wannan buta ce ta ciwon ƙafa, wannan deksa ce ta rage kumburi, wani ya jiƙa tiramol a ruwa ya ɗura wa doki, wani goro zai daka ya cuɗa da gero wai don ido ya buɗe, kuma babu mai tambayar wani don kowa yana ganin in bai yi ba abokin karawarsa ya yi. A tserukan da muke zuwa na karkara ban taɓa ganin an ɗebi fitsarin doki ko jininsa an tafi aunawa ba, saboda haka tsakaninka da Allah ne kawai.

Lokacin da Baffa ya danƙa min bargar na ce masa ina da sharaɗi ɗaya, maganar magani a bar min ita ni da likita. Likitan nan a Zariya ya yi karatun dabbobi, mutum ne mai son doki sosai, shi ya zaunar da ni ya warware min yadda ake yi a ƙasashen da tseren dawaki ya zama babbar sana'a. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dokar Ingila ta ranar tsere, gajeruwa ce ƙwarai: daga wayewar garin ranar har a gama gudu ba abin da zai shiga cikin doki sai abincinsa na kullum da ruwa. Ko maganin tari, ko wani ɗan sinadarin ƙarin kuzari da ake matsawa a baki, babu. In an gama tsere a kai dokin da aka zaɓa rumfar gwaji a ɗebi fitsari ko jini, a raba gida biyu, a auna ɗaya a ajiye ɗaya ko da za a yi musu, kuma in an ga wani abu mai horar da dokin ne da laifi ko da ya rantse bai san yadda aka yi ba.

Su ma fa suna yi wa dawakinsu magani, kar wani ya ɗauka haramta shi suka yi. Abin da suka yi shi ne ƙirga kwanaki. An gwada an ga tsawon lokacin da kowane magani yake ɗauka kafin a daina ganinsa a fitsari, an wallafa. Fenilbutazon da muke kira buta awa 168 ne, wato sati guda cur. Filuniksin, wadda ake yi wa doki in cikinsa ya murɗa, awa 144. Deksa da ake yi a jijiyar jini awa 120. In kuma allurar sitiroid, mai rage kumburi, aka yi a cikin gaɓa, dokin ba zai shiga tsere ba sai bayan kwana 14. Kuma likita ya ja min kunne cewa waɗannan alƙaluman a jikin dawaki kaɗan masu lafiya aka samo su, don haka likitocin can ma ƙara kwanaki suke yi a kai, ba sa tsayawa daidai bakin layi. Ni sai na yanke wa bargarmu kwana 10 ga buta da filuniksin da deksa, gaɓa kuma wata guda, na sayi littafi irin na 'yan makaranta na rataye shi da igiya a jikin ginshiƙin rumfa. Duk abin da ya shiga jikin doki, ko maganin tsutsa ne, sai an rubuta rana da sunan dokin da sunan maganin da yawansa da wanda ya yi. A Ingila wannan littafin dole ne, kuma jami'ai kan faɗo barga ba sanarwa su duba shi su ɗebi jinin dawakin da ke atisaye. Ta haka ne ma a 2013 aka kama Mahmood Al Zarooni, mai horar da dawakin Godolphin, bargar sarkin Dubai, a garin Newmarket na Ingila, dawaki 11 aka samu da allurar ƙarin tsoka a jikinsu, aka dakatar da shi shekara 8, kuma a barga aka kama shi ba a filin tsere ba.

Yaran barga da farko sun ɗauka iyayi ne kawai. Babban cikinsu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba kuma ya fi ni sanin doki, ya ce min, Malam, dokin Turawa daban namu daban, ɗan Arewa ko talon ai ba ya jin allura. Na ce masa Baba, ƙashi dai ƙashi ne, ciwo kuma ciwo ne. Don abin da mutane ba sa ganewa game da buta shi ne ba ta warkar da komai a ƙafa, zafin kawai take ɗaukewa da kumburin. Dokin da ke ɗingishi yana kare ƙafarsa ne, yana rage mata nauyi, in ka ɗauke masa zafin sai ya saki jiki ya taka ta da dukkan ƙarfinsa a guje. Daidai yake da ka ga katangar ƙasa ta tsage ka bi ta da yaɓe ana gobe ruwan sama. Likitocin jihar Kalifoniya ta Amurka da ke feɗe dawakin da suka karye a fili sun daɗe suna faɗin cewa mafi yawan karayar nan a wurin da dama akwai tsohon lahani a ƙashi take faruwa, ƙananan tsagewa da ke taruwa a hankali lokacin atisaye. A filin tseren Santa Anita na can Kalifoniya kaɗai dawaki 30 suka mutu daga ƙarshen Disambar 2018 zuwa Yunin 2019, abin ya tayar da ƙura sosai, a ƙarshen 2020 Amurka ta yi dokar tarayya kan lafiyar dawakin tsere, tsarin gwajin magani na bai-ɗaya kuma ya fara aiki a Mayun 2023.

Shi ya sa dokar tawa ba ta tsaya a ranar tsere ba, kuma nan ne aka fi kai ruwa rana. Na ce dokin da ke kan maganin ciwo ba ya sukuwa ko ta atisaye, sai dai a ja shi da hannu ko a yi ɗan kilisa a hankali in likita ya yarda. Dalili kuwa, in yana kan buta ba ni da hanyar sanin gaskiyar ƙafarsa. Kullum da asuba kafin rana ta ɗumama komai nakan tsuguna in bi bayan sangalin kowane doki da tafin hannu tun daga gwiwa har kofato, ƙafar dama sannan ta hagu, ina gwada ɗuminsu, in ɗaya ta fi ɗaya zafi ko na ji jijiyar ta yi taushi ta cika kamar da ruwa a ciki to akwai magana. Sannan yaro ya ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri ya nufo ni, ni kuma kansa nake kallo ba ƙafar ba, don doki in ƙafar gaba na masa ciwo yana ɗaga kai daidai lokacin da ta taɓa ƙasa, ya sauke shi in mai lafiyar ta taka. Buta tana shafe duk waɗannan alamun, ka duba ka ga lafiya lau alhali ba lafiya.

Ga kuma illar ita kanta butar, wadda a zafin nan namu ta fi tsanani. Tana cin ciki ta kawo gyambo, tana taɓa hanji, tana lalata ƙoda musamman in doki bai sha ruwa ya ƙoshi ba, to ka duba bazara a Gumel, a ɗauko doki a mota tun safe a ajiye shi a rana sannan a yi masa buta ya yi gudu. Allurarta kuma ta jijiyar jini ce zalla, in ta zube a gefe wuya ya kumbura fata ta ruɓe, na ga dokin wani da ramin gyambo a wuya saboda yaron da bai iya ba ne ya soka. Lasix ma na fara ganinta a hannun mutane, wai ta hana haɓo. Gaskiya ne tana rage zubar jini a huhun doki in ya yi gudu mai tsanani, shi ya sa Amurkawa suka shekara da shekaru suna yinta awa 4 kafin tsere, amma fitsari take sa shi har ya zubar da ruwan jiki wajen kilo 10 ko fiye, Ingila ba ta yarda da ita ranar tsere ba, Amurkar ma yanzu ta hana ta ga 'yan shekara 2 da manyan tseruka. Mu da muke gudu a rana mai narka kwalta, wallahi ban ga hujjar matse ruwan jikin doki ba. Dokin da ke haɓo hutu yake so da likita.

Tiramol kam ko muhawara ban yarda a yi a kanta ba. Abin da ya cinye mana samari a garuruwan nan shi za mu ɗura wa dabbar da ba ta da bakin cewa a'a, sannan mu ɗora mata yaro ƙarami mara nauyi ba hular kwano ba komai, mu ce ya sake mata linzami? Yaran nan 'ya'yan mutane ne, in doki ya kife a tsakiyar gudu wanda ke kansa ne zai fara dukan ƙasa, na bayansa kuma su bi ta kansa. Goro ma na hana a ranar tsere da kwanakin da ke gabanta, don yana da sinadarin kafeyin, kuma a duk inda ake gwaji in aka gan shi a fitsari an soke nasarar.

Ranar da aka gwada dokar da gaske ita ce lokacin wani tsere bayan kaka. Muna da wani danda talon da Baffa yake ji da shi, ana saura 'yan kwanaki na ji ƙafarsa ta hagu ta gaba da ɗumi, likita ya zo ya matsa jijiyar dokin ya janye ƙafa, ya ce a sa masa buta da ruwan sanyi safe da yamma a ɗaure shi a turke. Kafin ranar tseren ɗingishi ya ɓace tas, doki yana haniniya yana tonon ƙasa. Baffa ya riga ya gaya wa abokansa, an yi cinikin motar da za ta ɗauke shi, har maroƙa sun ji labari. Ya kira ni zaure ya ce, kai ɗana, dokin nan ai ya warke, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na durƙusa na ce Baffa ka yi haƙuri, maganin ne ke tsaye ba ƙafar ba, ga littafi ka duba ranar da aka yi masa ta ƙarshe, in ka ce a kai shi ba zan iya hana ka ba dokinka ne, amma ni ba zan ɗora ɗan kowa a kansa ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a sallami mai motar. Ya yi kwanaki ba ya amsa min gaisuwa da sakin fuska, wannan kam ya dame ni, don mutum ne da ya riƙe ni tun ina ƙarami. Da maganin ya gama fita daga jikin dokin kumburin ya dawo a fili har Baffa da kansa ya gani. Jijiyar doki ba ta da saurin warkewa, watanni ya yi yana hutawa, daga jan hannu zuwa kilisa zuwa sassarfa, kafin ya koma fili. Yana gudu yanzu, bai zama zakara ba amma ƙafafunsa huɗu nasa ne.

Wani abin da na koya shi ne ba mai niyyar maguɗi kaɗai doka ke kamawa ba. Wani doki mai suna Medina Spirit ya zo na ɗaya a babban tseren Amurka na Kentucky Derby a 2021, aka sami wani sitiroid mai suna betametazon a jininsa, mai horar da shi Bob Baffert ya ce daga man shafawa na ƙurajen fata ne, duk da haka a Fabrairun 2022 aka ƙwace nasarar aka ba Mandaloun, dokin da ya zo na biyu. Penisilin ɗin nan fara mai kauri da muke yi wa rauni tana da furoken a ciki, shi kuma yana kashe zafi kuma yana daɗewa a jiki. Tun da na san haka ko man shafawa sai ya shiga littafi, bokitin dokin da ke shan magani a dusa kuma daban yake, na shafa masa jan fenti.

Kuma don Allah kar wani ya karanta wannan ya bar dokinsa cikin wahala. In cikin doki ya murɗa da tsakar dare yana birgima yana gumi, a kira likita a yi masa filuniksin ko da gobe ne tseren, sai dai a fasa tseren. Zazzaɓin kaska a yi maganinsa, tsutsa a ba da nata a kan lokaci, rigakafin sandarewar jiki kar a yi wasa da shi don doki na cikin dabbobin da cutar ta fi kamawa. Ƙarfin gudu kuma daga gero da harawa mai kyau da ruwa da atisayen watanni yake fitowa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na kai maganar gaban masu shirya tseren yankinmu. Na san ba mu da ɗakin gwaji kuma kuɗin aika jini waje ya fi ƙarfin kyautar da ake ci, amma na ce akwai abin da za mu iya, likita ya tsaya da safen ranar a ja kowane doki da sassarfa a gabansa, ya taɓa ƙafafu, ya duba wuya ko akwai sabon tabon allura, wanda bai gamsu da shi ba a cire shi ko na waye, kuma daga nan a tara dawakin wuri ɗaya a idon jama'a har lokacin hawa. Dattawa da yawa sun goyi baya, wasu masu dawakin sun ce sai dai likitan ya zo daga wata ƙaramar hukumar don kar a yi son kai, na ce na yarda. Inda aka tsaya yanzu shi ne wa zai biya kuɗin mansa da na aikinsa, ni na ba da shawarar a ɗora wani abu kaɗan a kan kuɗin rajistar kowane doki, za a sake zama a kai kafin tseren da ke tafe.