Matar da ke daka a cikin zane

Jiya da la'asar na ratsa gidan tarihi na Boubou Hama a nan Yamai, wajen masu sana'ar hannu, sai wani zane ya tsayar da ni cak. Mace ce tana dakan gero da goyo a bayanta, yaron ya yi barci, baki sake, kai ya langaɓe a kan majanyi. Mai zanen bai damu da fuskarta ba. Amma hannun da ke riƙe da taɓarya kam, ya ba shi haƙƙinsa, har jijiyoyi sun fito raɗau.

Abokina ya taɓe baki, wai zanen talauci ne, irin wanda Turawa ke son saye. Wataƙila. Ni dai Inna na gani a tsakar gidanmu na Tawa, shekarun da Baba yake Abijan wajen bida. Ka duba, ko inuwar namiji babu a zanen, kuma duk ɗan Adar ya san dalili.

Kuɗin ya fi ƙarfin aljihuna. Da na fito sai na buga mata waya. Ta ce, "Lafiya dai ko? Ka ci abinci?"