Baƙon inji a kan Mambila

Duk wanda ya yi aikin katako tsakanin Gembu da Bali a jihar Taraba ya san cikin injunan yankan itace masu sarƙa, ɗaya ne ake kira inji a wajenmu, wato Stihl 070. Saura 'yan rakiya ne. Ko Husqvarna, da duk sunan da ya yi, iyakarsa a ce "ba laifi". Ni kuwa na bar wurin da na daɗe ina gyaran injuna, kuma sanadin barin nawa wani inji ne da yawancin ofaretocinmu ba su taɓa jin sunansa ba. Tunda maganar ta bazu, kowa yana ƙara mata gishiri, gara in faɗi tawa, ko mai shirin sayen inji zai tsinci abin amfani.

Bari in fara ba 070 haƙƙinsa, kada a ce haushi ne ya rufe mini ido. Ƙirarsa ta haura shekara 50, amma ba a banza yake riƙe da daji har yanzu ba. Girman cikinsa cc 106 ne, nauyinsa ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa ƙarfe da sarƙa ba. Ba ya gudu, yana da gwamna da ke hana shi wuce iyaka, ƙarfinsa na ja ne. In an kwantar da gungume ana tsaga shi falanki-falanki, aikin da inji zai daɗe a cikin itace bai huta ba, nan ne yake nuna shi tsohon hannu ne. Yana da famfon mai na hannu da ofareta zai danna in ya ga sarƙa ta fara bushewa. Yana haƙuri da fetur ɗin 'yan bumburutu. Uwa-uba, babu abin da zai lalace a jikinsa da ba za ka samu a Jalingo ba, in ya yi nisa a aiko maka daga Onica. Abin da ake biya kuma jiki ne ke biya: babu birkin sarƙa, ga karkarwa, ga nauyi. Na san tsofaffin ofaretoci da yatsunsu ba sa jin sanyi ba sa jin zafi da safe.

Sannan a faɗi gaskiya, da yawa daga abin da ake kira 070 a daji ba na asali ba ne. A shekarun da ake tururuwar fitar da madobiya zuwa Sin, kafin a dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018, kwaikwayon wannan inji ya cika Taraba. Akwai masu gaskiya da ke sayar da kwaikwayon da sunan kansu, irin su Holzfforma, ka saya ka san abin da ka saya. Akwai kuma 'yan damfara da ke liƙa sitikar jabu su karɓi kuɗin gangariya. Ofareta zai rantse maka da nasa, alhali in ka buɗe cikinsa babu abin da ya taɓa ganin Jamus.

Injin da ya jawo mini magana Dolmar ne, samfurin PS-7900, na hannu, daga wajen wani mai shigo da kayan gwanjo daga Turai. Manajanmu ya riƙa kiransa "ɗan China" har na gaji da gyara masa. Dolmar kamfanin Hambog ne a Jamus. Wanda ya kafa shi, Emil Lerp, ya fitar da injin yankan itace mai amfani da fetur a 1927, shekara guda bayan Andreas Stihl ya kafa nasa kamfanin, kuma shi Stihl da injin lantarki ya fara, na fetur ɗinsa sai 1929. Makita ta Japan ta sayi Dolmar a 1991, shi ya sa za ka ga inji iri ɗaya sak, ja da sunan Dolmar, shuɗi da sunan Makita DCS7901. Rashin saninsa a wajenmu dai rashin dillali ne.

Ni na ba Alhaji, maigidan wurin aikinmu, shawarar sayensa, kuma har gobe ina kan bakana. Aikinmu a kan tsauni itacen turare ne, dogaye, marasa kauri sosai, a gangare. Yawancin wahalar yini sara ce da datsawa da hawa da sauka da inji a kafaɗa. Shi wannan cc 79 ne, nauyinsa kilo 6 da 'yan kai, amma ƙarfin da aka rubuta masa ya kusa na 070, domin yana juyawa har sau 13,500 a minti. Yana da sifirin da ke shanye karkarwa, yana da birki da ke tsayar da sarƙa in inji ya yi tsalle ya nufo fuska. Ƙarfen sarƙar manyan Husqvarna yana shiga jikinsa, don haka wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba. Yaron da na fara miƙa wa ya ɗaga shi da hannu ɗaya yana dariya, wai abin wasan yara. Kafin azahar ya daina dariya. Bayan ɗan lokaci har rigima ake yi da safe a kan wanda zai ɗauke shi, kuma jarkar mai ta fara kai mu yamma da saura.

Tun ranar farko na gaya wa kowa iyakarsa. 070 jaki ne, wannan doki ne, kowa da kayan da ake ɗora masa. A sare da shi, a datse da shi, amma tsagar babban itace mai tauri a bar wa manya. Kuma man haɗinsa a auna: mililita 100 na 2T mai kyau a lita 5 ta fetur, ba a tuttula baƙin man mota da ido kamar yadda aka saba ba.

Yanzu ga abin da manaja bai taɓa yarda ya tsaya ya ji ba. Tsaunin Mambila ya kai kimanin mita 1,600 a sama, kuma iskar can ta fi ta gaɓar teku rashin kauri da wajen kashi 15 cikin 100. Injin da aka saita a ƙasa, in ya hau sama, mai zai yi masa yawa: ya yi ta hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, ƙarfi ya ragu. Don haka na ɗan rufe sukurun H na kafireta, wanda ke daidaita yawan man da inji ke sha in an matse wuta, har ya daidaita da iskar Nguroje. A irin wannan inji, fetur ɗin da ke wucewa shi ne ke ɗauke da man da ke shafe fistan, shi ne kuma ke sanyaya shi. In ka sauko da shi ƙasa ba ka sake buɗe masa ba, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Mugun abin shi ne a lokacin ne zai fi daɗin ji a kunne. Zai yi ƙara siririya, ya yi gudu kamar ba gobe, wanda bai sani ba ya ce yau inji ya samu lafiya. Lafiyayyen saiti kuwa, in ka matse wuta babu itace, za ka ji ɗan gurnani a muryarsa, sai ya shiga itace muryar ta washe. Gyaran bai wuce a murɗa sukuru baya kaɗan a saurara ba. Aikin minti biyar.

Sai aka samu kwangila a ƙasa, wajen Bali, a wata gona da za a share, da takardar malaman daji a hannu. Akwai kawo da maɗaci manya. Manaja, wanda ƙanin uwargidan Alhaji ne, ya ce mota ba wuri, bakanike ya zauna a Gembu, in wani abu ya taso a kira shi. Ana loda kaya na same shi na ce, "Oga, don Allah kada a tayar da jan injin nan a ƙasa sai an buɗe masa mai. In ba za a je da ni ba, a bar shi nan." Bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Malam, inji inji ne. Kai dai kana son kuɗin abincin tafiya." Yaran mota suka yi dariya. Na koma wajen ofaretan na nuna masa sukurun da yawan da zai murɗa, ya ce to. Daga baya shi da bakinsa ya gaya mini ya ciro sukurudireba manaja ya daka masa tsawa, wai kada wanda ya taɓa saitin kayan Alhaji.

Can kuma ɗaya daga cikin 070 ɗin ya ƙi tashi, aiki yana jira, sai aka ɗaura wa Dolmar dogon ƙarfe aka sa shi tsagar kawo cikin zafin Bali, da man da aka saya a bakin hanya aka haɗa da ido. Duk abin da na ce kada a yi, an yi shi a yini ɗaya. Ofaretan ya ce tun hantsi ya ji ƙanshin ƙuna, murya ta canza, ya faɗa, aka ce ya ci gaba. Inji ya tsaya cik a tsakiyar gungume, igiya ta ƙi ja.

Da aka dawo da shi na kwance salansa a gaban mutane. Ta wannan ramin ana ganin gefen fistan. Ya yi zane-zane daga sama har ƙasa, alminiyom ya narke ya shafe ringi ya manne shi a raminsa. Ɗaya gefen, na wajen kafireta, sumul. Fulogi fari fat kamar an wanke shi da toka. Duk wanda ya yi shekara guda a gareji ya san fassarar wannan: zafi ne da ƙarancin mai, ba lalacewar ƙarfe ba. Na ɗauki fistan ɗin a tsumma na kai gaban Alhaji.

Hujjar manaja guda ɗaya ce, kuma na yarda tana da daɗin ji. Ya ce, "Yaya, injuna nawa muka sauka da su? Duk daga tsauni suka fito, duk mai ɗaya suka sha. Me ya sa wannan kaɗai ya mutu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, su waɗancan kullum a buɗe suke, ofaretoci sun saba barinsu suna hayaƙi, ga gwamna yana riƙe su, gudunsu bai kai kusa da na wannan ba. Abin da za su shanye, wannan ba zai shanye ba, kuma na faɗa tun kafin a tafi." Alhaji ya tambaya wa ya ji na faɗa. Yaran mota da suka yi dariya ranar nan duk suka sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Alhaji ya juya fistan ɗin a hannu kamar mai duba goro, ya ajiye, ya ce tun asali da an sayi abin da aka sani da ba a kai ga haka ba. Aka yanke cewa tunda ni na kawo shawarar, a riƙa cire kuɗin injin daga albashina wata-wata.

Ba cirewar ce ta fi ƙona mini rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, a shekarun da na yi a wurin, 070 nawa suka yi nokin a hannun mutanen nan, aka ce ƙaddara, aka ba ni kuɗin fistan na sa? Sananne in ya mutu, ajali ne. Baƙo in ya mutu, sai a nemi wanda ya kawo shi.

Wuri ɗaya ne masu sukarsa suke da gaskiya, kuma ba ƙarami ba ne: kayan gyara. Na tambaya a Jalingo aka yi ta kallona. Na aika hoto Onica da Legas, wani ya aiko mini da fistan ɗin wani inji dabam yana rantsuwa zai shiga. Sai da na daina cewa Dolmar na koma cewa Makita kafin wani ya gane abin da nake nema, kuma an daɗe kafin silinda da fistan su iso. Ga shi Makita ta daina ƙera injunan fetur tun 2022, ta koma kan batir, don haka abin ba sauƙi zai ƙara ba. Da 070 ne, da washegari yana daji. Mai injin da shi kaɗai ne abincinsa, ba ni ba shi shawarar ya dogara da baƙon inji, ko Dolmar ne ko Echo ko Efco, komai kyansa, sai in ya ga mai sayar da kayansa da idonsa. Mai injuna uku ko huɗu kuma da yake sa ofareta ya yini yana hawan tudu da kilo goma sha wani abu don datsa itacen da bai kai cinyarsa kauri ba, wannan bai san ciwon kuɗin mansa ba, balle na bayan yaransa.

Sauran darussan gajeru ne. Sarƙa mai kaifi a kan kwaikwayo ta fi dakusasshiya a kan gangariya, don haka magagari ya zauna a aljihu. Baƙin man da aka juye daga mota yana cinye famfon mai da ƙarfen sarƙa, arharsa ta ƙarya ce. A saya wa ofareta abin toshe kunne. Gargaɗi kuma, in wanda za ka yi wa surukin maigida ne, ka tura shi a waya a rubuce.

Da aka gama cire kuɗin na ce tunda na biya, injin nawa ne. Manaja ya ce in kwashe tarkacena. Na sa masa sabon silinda, na ajiye aikin a watan da ya biyo baya. Yanzu ina ba da shi haya ga masu gonakin turare tsakanin Nguroje da Maisamari, da sharaɗin ni ke haɗa mai, kuma ba ya wuce Mayo Selbe, gindin tsauni, sai ina cikin motar. Biyu daga ofaretocin tsohon wurin suna zuwa karɓarsa ranakun da ba su da aiki. Kwanan baya manaja ya aiko yaro da kafireta biyu a leda, wai in taimaka in duba. Na duba, na faɗi kuɗina irin na kowa, na ce a biya kafin a ɗauka.