Kwaɗon da na ɗaure kaina da shi a Ubuntu

Tsohuwar kwamfutar da nake buga katin gayyatar biki da ita a shago, Ubuntu na sa mata tun da Windows ta fara yi mata nauyi. Kwanan baya wani ya kawo rubutu cike da ƙ da ɗ da ɓ, salon haruffan da ya zaɓa kuwa ba shi da masu lanƙwasa ko ɗaya. Na samo wani salon mai su, na ce bari in zuba shi a /usr/share/fonts yadda duk wanda ya hau kwamfutar zai same shi. Na kwafa, na je mannawa, Nautilus, manhajar buɗe foldoji ta Ubuntu, ya ƙi. Wurin dannawar ma ya dushe, kamar ba da ni yake ba.

Da can gksu, mai buɗe manhaja da ikon mai gudanarwa, muke kira a irin wannan, amma an cire shi tun Ubuntu 18.04. Gaggawa ta sa na buga sudo nautilus a tasha (terminal), wato na buɗe Nautilus da ikon mai gudanarwa. Aiki ya yi kuwa. Sai dai kafin in rufe tagar, na kwafi wasu katunan cikin foldata da ita. Washegari yaron shagona ya kira ni: "Oga, wani kwaɗo ne a kan fayilolin, na kasa gyara sunan amarya." Duk sun koma mallakar root, wato babban mai gudanar da kwamfutar. Da chown, umarnin sauya mai mallakar fayil, na dawo da su, mai katin yana tsaye a kaina yana duba agogo.

Ashe hanyar tana nan a saukake. A cikin Nautilus ka danna Ctrl da L, ka rubuta admin:///usr/share/fonts, da karan layi uku, kada ka rage ɗaya. Polkit, mai ba da izini a kwamfutar, zai tambaye ka kalmar sirri, sai ƙofar ta buɗe, manhajar kanta kuma tana ci gaba da gudana da sunanka. Ni da hannuna ya saba da linzami, na ƙara da sudo apt install nautilus-admin, na rufe Nautilus da nautilus -q. Yanzu danna dama kan folda yana kawo zaɓin buɗe ta a matsayin mai gudanarwa. Masu Linux Mint ba su san wannan wahalar ba, Nemo, manhajarsu ta buɗe foldoji, da wannan zaɓin ya zo.

Daga baya na tuna cewa da na jefa haruffan a ~/.local/share/fonts da babu mai tambayata komai.

Yaron dai ya nemi in ba shi kalmar sirrin, don kada ya riƙa damuna. Na ce masa ya bari sai bayan Sallah.