Daren Laraba a ciki da falo

Maigatari, Laraba, ƙarfe 11 na dare ta gota.

Na rage hasken waya don kada in tashi Inna. Tana nan kusa da ni, ƙafarta na taɓa tawa, jikarta ta duƙunƙune a bayanta, yarana biyu suna can ta jikin bango. Gado ɗaya tak muke da shi a gidan nan, kuma yau babu mai kwana a kansa. Bari in faɗi yadda aka yi.

Bayan la'asar ina tankaɗe, yaron maƙwabta ya leƙo ya ce ana sallama da Malam. Ashe Kawu ne, ƙanen mahaifiyarsa, daga ƙauyensu can wajen Gagarawa, da raguna biyu, da Inna matarsa, da jikarsu riƙe da ƙullin kaya. Gobe Alhamis kasuwa. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san tun daren Laraba ake cika: manyan motocin da za su ɗauki shanu zuwa Kudu, mutanen Nijar da raƙumansu, dillalai, masu abinci. Kawu ya ce so yake ragunan su kwana su huta, su shiga kara da sassafe da ƙarfinsu, don dabbar da ta sha hanya dillali ba ya raga mata. Ita kuwa Inna kwanukan auren autarta ta zo dubawa.

Ba su yi waya ba. Kawu ya ce wayarsa ba caji. Ko da caji ma ba zai kira ba, wa yake neman izinin zuwa gidan ɗansa?

Na durƙusa na gaishe su, na kawo ruwa da fura, fuskata a sake, amma cikina lissafi yake. Ciki da falo muke haya. Falon ma keken ɗinkina da buhun gero sun cinye rabinsa. Mu biyar ne masu haya a gidan, ban ɗaki ɗaya, zaure ɗaya, shi ma maƙwabcinmu a nan yake ajiye babur.

Abinci bai ba ni wahala ba. Na ƙara gari a tukunya, ita kuwa miyar kuka Allah ya yi mata albarka, ba ta ƙin ruwa, in dai ka bi ta da daddawa da ɗan yaji. Malam ya shigo da busasshen kifi a leda, ban tambaye shi inda ya samo kuɗin ba, wata ya yi nisa.

Bayan isha'i ne aka zo wurin. Malam ya ja ni gefe ya ce, "Yanzu ya za mu yi?" Na ce a ba Kawu falo, mu mata mu shige ciki. Da aka faɗa masa sai ya girgiza kai. Shi ba zai kwanta inda surukarsa za ta riƙa tsallake shi in za ta fita ba, masallaci ma ya ishe shi. Malam ya ce wallahi ba a yi haka ba, ga sanyin hunturu, ga masallacin cike da fatake. Ƙarshe dai ya je ya roƙi mai babur, aka turo babur ɗin tsakar gida, aka share zaure. Matar mai shayi ta ara mana tabarma da bargo tun ban buɗe baki ba. Na kai musu kaskon garwashi zauren ya ɗan yi ɗumi, amma na ce da Malam ya fito da shi kafin su rufe ƙofa, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake yi, mutum yana barci bai sani ba.

Na ɗauka an gama. Na canza zanin gado, na sa turaren wuta, na ce, "Inna, bismillah." Ta dubi gadon, ta dube ni. "Ni in hau gadon ɗana? 'Yar nan, rufa min asiri. Shimfiɗa min a ƙasa." Na roƙe ta har sau uku, ta ƙi. To ni kuma da wane ido zan haye sama, babba tana ƙasa? Sai muka kinkimo katifar muka kawo falo, muka haɗa da ta yara. Don a sami fili, kan keken ɗinki da kujerun roba da ƙullin Inna duk muka jibge su a kan katakon gadon. Su ne suka samu makwanci mai kyau yau.

Muna ɗaura gidan sauro, ƙusa ɗaya ta ƙi isa, na ɗaure igiyar a marfin taga. Inna tana kallona ta ce, "Wai da gaske kuɗi kuke biya duk shekara ku kwana a nan?" Na ce e. Ta yi salati. Dariya na yi, amma maganar ta ɗan sosa ni. A gidanmu zaure biyu ne, da ɗakin baƙi da ba a taɓa kulle shi ba, kullum da tabarma a naɗe da buta a cike. Ban taɓa ganin Babanmu yana raɗa da Innarmu a kan inda baƙo zai kwana ba. Mu da aka ce mun yi boko muna aikin gwamnati, ga mu muna aron bargo.

Ita dai ba ta ga abin damuwa ba. Ta kwanta tana ba ni labarin yadda suka kwana su tara a ɗaki ɗaya a bikin wata 'yar'uwarta a Gumel, har barci ya ɗauke ta a tsakiyar magana.

Saura asuba. Dole in riga kowa tashi in ɗora ruwan zafi, Kawu ya shiga ban ɗaki kafin layin 'yan haya ya kafu, don ba zan so ya tsaya riƙe da buta a bayan matan gida ba. Gasarar koko tana nan na jiƙa, ƙosai kuma sai a bakin titi. Ga ɗaya daga cikin ragunan can ya fara kuka, ina jin ya kai bakinsa ga zogalen matar mai shayi. Bari in lallaɓa in gajarta masa igiya.